Shekara uku ana rubuta wa ɗana "a ƙara ƙoƙari"

Maman Walid:
Assalamu alaikum iyaye da malamai. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, yau na ce bari in kawo shi nan. Ɗana shekararsa 9, yana aji uku a firamaren gwamnati ta unguwarmu. Sanƙarau ya kama shi yana ɗan shekara 3. Allah ya tashi kafaɗarsa, amma kunnen hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama kuma sai an ɗaga murya. Da aka dawo daga hutu makon nan aka ba su katin sakamakon zango na biyu: na 97 cikin 104. A gurbin ra'ayin malami, abin da ake rubutawa tun yana aji ɗaya shi aka sake, wai a ƙara ƙoƙari.

Ni da nake zama da shi kullum bayan magariba na san yaron nan ya motsa. Bara ko harafi goma bai riƙe ba, yanzu yana haɗa ba, bi, bu, har yana karanta "baba" da "tuwo". Katin bai san da wannan ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, malaminsu na bana sai a tsakiyar zango na biyu ya san yaron ba ya ji sosai, alhali na faɗa wa malamar aji ɗaya, na faɗa wa na aji biyu. Can baya aka zaunar da shi, jikin taga, ga hayaniyar titi.

Don Allah babu wata takarda da ke bin yaro irin wannan daga aji zuwa aji? Kuma wa ke da alhakin duba ko yana gaba ko yana baya? Malami ne, hedimasta ne, ko ofishin ilimi na ƙaramar hukuma?

Ummu Hafsa:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya saka miki da alheri a kan zaman bayan magaribar nan. Me zai hana ki kai shi makarantar masu buƙata ta musamman da ke Tudun Maliki a nan Kano?

Maman Walid:
Amin Anti, na gode. Mun yi shawarar da babansa. To yaron yana ji da kunne ɗaya, yana magana, abokansa duk a unguwa suke, ga kuɗin mota kullum. Mu dai so muke inda yake ɗin a san da shi.

Malamin Aji Uku:
Maman Walid, ni ba malaminsa ba ne, amma kamar da ni kike. Yara 112 ne a rajistata. Kiran suna kawai yana cinye mini kusan rabin darasin farko. Abin da ake nema a wurina shi ne makin gwaje-gwajen cikin zango, makin jarrabawa, jimilla, sai matsayi. Babu gurbin da zan rubuta cewa wane ya koyi gaɓa biyar a wata ɗaya. Wanda zai bar mini ajin ma rajista kawai yake miƙo mini, wani lokacin ko haɗuwa ba ma yi saboda an yi masa canjin makaranta. Ba ina wanke kanmu ba ne, zaunar da mai lalurar ji a baya kuskure ne babba. Amma duk wanda zai kawo shawara a nan ya tuna da 112 ɗin nan.

Malama Mai Alli:
Sannunku. Ni ilimin masu buƙata ta musamman na karanta a Jami'ar Bayero, ina kuma koyarwa a firamare, don haka zafin da Malam ya faɗa na san shi.

Jarrabawar ƙarshen zango tana jera yara ne, tana faɗa miki waye ya fi wane. Abin da Maman Walid take tambaya daban ne: Walid na yau ya fi Walid na watan jiya? Ana auna wannan, kuma ba ya cin lokaci kamar yadda ake tsoro. Wani malami a Jami'ar Minnesota ta Amurka, Stanley Deno, shi da abokan aikinsa suka fito da hanyar tun ƙarshen shekarun 1970, don malaman yara masu buƙata ta musamman. Minti ɗaya ake bukata. Ka ba yaro takarda mai haruffa, ko gaɓoɓi, ko ɗan gajeren labari, gwargwadon inda ya kai. Ka duba agogo, ka ƙirga abin da ya karanta daidai. Da farko ka yi sau uku a ranaku daban, ka ɗauki adadin tsakiya, nan ne mafarinsa. Sai ka sa buri, misali daga gaɓa 10 a minti zuwa 25 a ƙarshen zango, ka ja layi daga mafari zuwa burin. Duk mako ka auna, ka ɗiga ɗigo.

Iyaye mata sun fi kowa sanin wannan zanen, don shi ne a katin awon jarirai na asibiti. Ba wanda ke ce wa uwa jaririnta ne na 97 a nauyi. Layinsa ake dubawa, in yana hawa a yi hamdala, in ya kwanta ma'aikaciyar jinya ta tambayi me yake ci.

Inda amfanin yake shi ne ƙa'idar da ke biye: in ɗigo huɗu a jere suka faɗi ƙasan layi, malami ne zai sauya wani abu. Ya sauya wa yaro wurin zama, ko ya rage yawan abin da yake ba shi lokaci ɗaya, ko ya koma baya taki guda. In huɗu a jere suka haura layi, an raina yaron, a ɗaga burin. Malam, ba duka 112 za ka yi wa haka ba. Huɗu ko biyar da ka san suna buƙata, minti biyar zuwa goma a mako.

Malamin Aji Uku:
Malama, minti goman da nake tsugune gaban yaro ɗaya, sauran 111 wa zai riƙe mini su?

Baba Hedimasta:
Ku yi haƙuri in sa baki, shekara 35 na yi a aikin nan kafin in ajiye. Abin da Malama ta kawo daga Amurka, ni a zauren malaminmu na allo na fara ganinsa. Yara cike da zaure, malam ɗaya, kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya. Wannan yana babbaƙu, wancan ya shiga farfaru, wani yana Sabbi, wani ya wuce Tabaraka. Ba a wanke allo sai yaro ya zo ya biya, in bai iya ba ya koma ya ci gaba da nanatawa, ba a kuma taɓa cewa wane ne na ƙarshe a makaranta ba. Makafi nawa suka haddace Alƙur'ani a garin nan ta wannan hanya? Kuma malam ba shi kaɗai yake biyawa ba, gardawa suna taya shi. Amsar tambayarka ke nan, Malam. Ɗaliban kwalejin ilimi da ake turo muku koyon aikin koyarwa, maimakon a bar su zaune a ofis suna cika rajista, a ba su wannan. Ko malamin Arabiyya ya riƙe maka aji minti goma ranar Alhamis, kai ma ka rama masa wata rana.

Sai dai ina da tsoro ɗaya, kuma na gan shi da idona. Duk takardar da aka ce daga sama za a zo a duba, ranar jajibiri ake cika ta. Na taɓa samun malamin da ya cike makin zango guda a dare ɗaya, da biro kala biyu don ya zama kamar a ranaku daban aka yi. In aka mayar da wannan layin abin da za a hukunta malami da shi, wallahi kowane yaro layinsa zai hau tsaf kamar an ja da rula, yaron kuma yana nan inda yake.

Malamin Aji Uku:
Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka ta biyu gaskiya ce tsantsa. Ta farkon ce nake da ja. Malamin allo ba wanda ya ba shi manhajar da dole ya gama a mako 12 ko 13, ba kuma jarrabawar shiga ƙaramar sakandare da ke jiran ɗalibansa. Ni in na tsaya inda yaro ya tsaya, mai duba makaranta zai zo ya ce ina baya a tsarin aikin zango.

Baba Hedimasta:
Haka ne ɗana. Shi ya sa na ce maganar ta fi ƙarfin malamin aji shi kaɗai.

Ɗan Gwale:
Ni a ganina takarda ɓata take yi, ko ruwa ya ci, ko gara. A yi manhajar waya kawai. Malami ya shigar da adadi, zanen ya fito da kansa, sakataren ilimi yana ofis ya ga duk makarantun ƙaramar hukumarsa. Ƙananan hukumomi 44 ne a Kano, ba a iya bin su da fayil. Ko guruf na WhatsApp ma a fara da shi.

Maman Walid:
Malam, ban da WhatsApp don Allah. Ba na son sunan ɗana da lalurarsa su yi ta yawo a wayoyin mutanen da ban sani ba. Tuni yaran layi suka fara kiransa da sunan da ba na son maimaitawa.

Malama Mai Alli:
Tana da gaskiya, kuma doka na bayanta. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanin lafiyar mutum cikin waɗanda ake tsananta tsaronsu, na yaro kuma sai da yardar iyaye ko mai riƙonsa. Manhaja za ta yi amfani nan gaba, Ɗan Gwale, ban ƙi ba. Amma malamin da bai saba aunawa da fensir ba, in ka ba shi waya ƙirƙirarrun lambobi zai shigar, sai dai ya fi sauri. Ni kati biyu nake yi daga kwalin da aka yanka: ɗaya a ofishin hedimasta, ɗaya a hannun uwa. In an yi wa malami canji, ko iyali sun tashi daga Kurna zuwa Sheka, katin uwa yana nan.

Abu Yasir:
Wayata ce ke karanta mini saƙonninku, ni makaho ne tun ina ɗan shekara 5, ƙyanda ce sila. Ina roƙon a saurari wannan da kyau. A makarantar da na yi firamare, kullum ina cikin na gaba-gaba, saboda malami ne ke karanta mini tambaya in amsa da baki. Kowa yana yabon kaifin ƙwaƙwalwata. Sai da na shiga ƙaramar sakandare aka gane yatsuna ba su iya karanta rubutun makafi na Braille yadda ya kamata ba, layi ɗaya sai in yi ta lalube. Shekara shida ana auna haddata, ba wanda ya auna karatuna. Maki mai kyau ma yana ɓoye yaro kamar yadda mummuna ke ɓoye Walid.

Na biyu, kada a ɗauki adadin mai ido a ɗora wa mai karatu da yatsa. Braille ɗigo shida ne a kowane gurbi, yatsa na bin su ɗaya bayan ɗaya, dole ya fi karatun ido jinkiri. A auna shi da kansa.

Na uku, a bar gurbi a katin don rubuta abin da yaro ya rasa a makon. Mun sha yin wata guda babu takardar Braille mai kauri, allon hudawa ɗaya mu huɗu. In layin yaro ya kwanta a irin wannan watan, ai ba kansa ne ya toshe ba. Haka mai na'urar ji da batirinta ya mutu.

Malama Mai Alli:
Malam Abu Yasir, wannan gurbin babu shi a katina. Daga gobe zan ƙara, Allah ya saka.

Ka tuna mini da na kurame. Maganar hannu da kuramen Kano ke yi a gida da kasuwa harshe ne mai zaman kansa, ya kuma bambanta da alamomin da ake koyarwa a makarantu, waɗanda tushensu na Amurka ne, tun zuwan Andrew Foster, wani kurma Ba'amurke mai koyar da kurame, Ibadan a 1960. Yaro zai zo aji ɗaya da kalmomi masu yawa a hannunsa, a gwada shi da alamomin makaranta, a rubuta bai san komai ba. Mai aunawa in bai iya harshen yaron ba, jahilcin kansa yake aunawa.

Hajiya Umman Sadiya:
Ni duk maganar haruffa kuke, 'yata ba ta kai nan ba. Shawara ce ta kama ta kwana kaɗan da haihuwa, ta taɓa ƙwaƙwalwa. Shekararta 11. Ci gaba a wurinmu shi ne ta riƙe cokali, ta nuna tana son banɗaki kafin ta ɓata jikinta, ta zauna a tabarma ba ta tashi ba har a gama karanta Fatiha da ƙulhuwallahu. A makarantar kuɗin da take, katin da suke ba ni akwai lissafi 20, Turanci 15. Ban san daga ina lambobin suke fitowa ba, yarinyar da ba ta riƙe fensir. Kuka nake duk ranar da aka kawo shi.

Malama Mai Alli:
Hajiya, Allah ya ba ki ladan jinya. Duk abin da kika lissafa ana ƙirga shi. Sau nawa cikin biyar ta kai cokali baki ba a riƙe mata hannu ba? Minti nawa ta zauna? Kwana nawa a mako ta nuna banɗaki da kanta? Ki zaɓi biyu kawai ke da malamarta, ku rubuta su yadda ko baƙo ya zo zai iya ƙirgawa. "Ta inganta wajen cin abinci" ba ya ƙirguwa. "Loma uku cikin biyar da kanta" yana ƙirguwa. Kuma tunda kuɗi kike biya, ki ce musu wannan kike so a katin.

Ɗan Fagge a Amurka:
Bari in ba ku labarin da ya yi kama da na Maman Walid. A nan tun 1975 doka ta wajabta wa gundumomin ilimi su rubuta wa kowane yaro mai lalura tsarin karatunsa na kansa, da burin shekara wanda za a iya aunawa, a sake dubawa aƙalla sau ɗaya a shekara tare da iyaye. Duk da haka wasu iyaye a jihar Kolorado, ɗansu mai lalurar galahanga (autism), suka lura kusan buri iri ɗaya ake kwafe masa shekara bayan shekara. Shari'ar ta kai kotun ƙoli, a 2017 alƙalan gaba ɗaya suka ce ɗan ci gaban da bai taka kara ya karya ba bai wadatar ba, dole tsarin ya zama wanda zai kai yaro gaba gwargwadon halinsa. Ba cewa nake a kwafo nasu ba, nan ma malamai kuka suke da yawan takardu. Abin da na ɗauka shi ne uwa tana da haƙƙin ta ga shaidar, ba alfarma ake mata ba.

Abu Yasir:
Mu ma muna da madogara. Dokar hana nuna wa masu nakasa wariya ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba mu ilimi kyauta har sakandare, ta kuma ce makarantun gwamnati su karɓi kowa, kowace ta sami aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar don kula da karatun masu lalura. Ga kuma dokar ta-ɓaci a kan ilimi da gwamnan Kano ya ayyana a 2024. In ana gyara azuzuwa ana ɗaukar malamai, wannan ne lokacin da za a ce a sa mutum ɗayan nan a kowace makaranta.

Jami'in Tallafi:
Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba, saboda tambayar Maman Walid ta uku a kanmu ta faɗo. Ni jami'in tallafa wa makarantu ne a ofishin ilimi na wata ƙaramar hukuma. Gaskiyar magana, abin da ke zuwa mana game da yaran nan ƙidaya ce: makaranta kaza tana da masu lalurar gani kaza, masu lalurar ji kaza. Ita ma waɗanda ake gani da ido ake ƙirgawa, mai sanda da mai keke. Irin su Walid ba sa shiga. Ko sun koya ko ba su koya ba, babu fom ɗin da ke tambaya.

Amma auna yaro gwargwadon matakinsa ba baƙon abu ba ne a jihar nan. A 2019 an fara wani shiri a Dawakin Tofa da Wudil, bisa hanyar da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da ita, inda ake gwada yara ɗaya bayan ɗaya a raba su rukuni: wanda bai san harafi ba, mai harafi, mai kalma, har zuwa mai karanta labari. Malaman gwamnati na cikin waɗanda suka yi. Ke nan ana iyawa.

Abin da ke hannuna ba sai na jira takarda daga SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ba shi ne in sauya tambayar da nake yi in na je makaranta. In ce wa hedimasta ya nuna mini katin yara uku, in zaɓi ɗaya in saurare shi minti ɗaya da kaina, in ga ko adadin ya yi kusa da na katin. Wannan zai rage abin da Baba yake tsoro. Sannan in layi ya kwanta, tambayata ga malami ita ce me ka sauya, me kake buƙata. Matsalata dai makarantu sun fi ƙarfin man babur ɗina, wata sai in yi wata biyu ban leƙa ba.

Baba Hedimasta:
To ka haɗa da kwamitin SBMC, wato kwamitin jama'ar unguwa mai kula da makaranta, akwai iyaye mata a ciki, kuma su kullum suna unguwa. Sai dai a nuna musu adadin yaran da layinsu ke hawa da waɗanda ya kwanta, ban da sunaye.

Malamin Aji Uku:
Ranka ya daɗe Jami'i, in har ka yarda ba za a rubuta ni a matsayin wanda ke baya a manhaja ba saboda wannan, zan gwada da yara huɗu. Na riga na san su, tun ɗazu fuskokinsu nake gani. Amma ina nan a kan bakata cewa aikin nan ya kamata a ware masa mutum da lokaci a jadawali, kada a bar shi ga wanda Allah ya sa ya ji tausayi.

Jami'in Tallafi:
A makarantun da ke ƙarƙashina na yarda. Sauran sai na kai maganar gaban sakataren ilimi a taronmu na wata, ban kuma yi alƙawarin abin da zai ce ba.

Maman Walid:
Salam, na dawo da bayani bayan kwana goma. Na je na sami hedimasta da malamin tare. An dawo da Walid layin gaba, ta gefen da kunnen dama ke fuskantar malami. Malamin ya ce shi ba zai samu yi duk mako ba, amma ya yarda ni in auna a gida ranar Asabar, shi kuma ya auna sau ɗaya a wata mu gwada adadin. Na yi ukun farko: 9, 12, 11. Abin da na lura, duk inda sa, sha da tsa suka zo sai ya cakuɗa su. Malama, in ƙirga su kuskure ne ko in ƙyale?

Malama Mai Alli:
Mafarinsa 11 ke nan, ki rubuta da kwanan wata. Ki ƙirga su kuskure, amma ki rubuta su daban a bayan katin, kada su ɓace cikin jimilla. Irin waɗannan sautuka masu siririn amo su ne suka fi kuɓuce wa mai raunin ji, don haka ki koya masa su yana kallon bakinki, cikin haske, ɗaya a mako. Ki kuma kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Malam Aminu Kano a sake gwada jin kunnen daman, ki tafi da katin ki nuna wa likita waɗannan ukun. Takardar da kike ba shi ya karanta ki riƙa sauya jerin gaɓoɓin duk mako, in ba haka ba haddacewa zai yi.